Me ɗan shekara sha biyar zai yi da littafin da ya shekara dubu da ɗari shida?

A shekarar 1981 wasu iyaye Kirista a wani ƙaramin gari mai suna Moscow, a jihar Idaho ta Amurka, suka buɗe makaranta suka raɗa mata suna Logos. Cikinsu har da wani fasto, Douglas Wilson, wanda ya taɓa karanta wata lacca da marubuciyar Ingila Dorothy Sayers ta gabatar a Oxford a 1947. Kukan Sayers a wannan lacca shi ne makarantun zamani suna ɗura wa yara darussa barkatai amma ba sa koya musu yadda ake koyo. An koya wa yaro haɗa baƙi, an sake shi tsakanin jarida da rediyo da masu farfaganda, ba a ba shi mizanin da zai auna magana da shi ba. Sai ta ce a koma ga fannoni uku da makarantun Turai na da suka ginu a kai: nahawu, mandiƙi da balaga. Ƙaramin yaro yana son hadda, a ba shi nahawu. Mai tasowa yana son gardama, a koya masa ƙa'idar kafa hujja. In ya zama saurayi ko budurwa mai son a ji ta bakinsa, a koya masa tsara zance.

Wilson ya rubuta littafi kan wannan tsari a 1991, aka kafa ƙungiyar irin waɗannan makarantu a 1994, kuma yau suna da ɗaruruwa a Amurka, ban da iyayen da ke koyar da 'ya'yansu a gida bisa wannan tafarki. Har jarabawar shiga jami'a ta daban aka ƙirƙiro a 2015, wadda ake ciro tambayoyinta daga tsofaffin littattafai, kuma a 2023 jami'o'in gwamnatin jihar Florida suka amince da ita. Abin bai tsaya a can ba. Gidauniyar Rafiki tana tafiyar da makarantu masu irin wannan manhaja a ƙasashen Afirka goma, ciki har da Najeriya, a yankin Jos.

A irin waɗannan makarantu yaro yana fara Latin tun a firamare. In ya shiga sakandare sai a miƙa masa littattafan da kansu, daga bango zuwa bango: waƙoƙin Homa na yaƙin Taroya, muhawarorin Aflatun, littafin furci na Agustin, doguwar waƙar Dante, wasannin Shakespeare, duk tare da Littafi Mai Tsarki. Ana zama a zagaye, malami yana tambaya, yara suna amsawa da littafin a buɗe a gabansu. A yawancinsu ɗalibin ajin ƙarshe yakan rubuta maƙala mai tsawo ya tsaya gaban malamai ya kare ta da baki.

Ni Kirista ne, kuma ina ganin mutanen nan sun kama gaskiya a wuri ɗaya mai nauyi, ko da yake ina da ƙorafi a kansu da zan faɗa ba ɓoye-ɓoye. Gaskiyar da suka kama ita ce yaro yana bukatar ya zauna da littafi guda cikakke, wanda ya girme shi ya girmi kakansa, a gaban malamin da ya san littafin, har ya kai ƙarshensa.

Dalilin da ya fi gamsar da ni shi ne wanda marubucin Kirista na Birtaniya C. S. Lewis ya kawo a 1944, a gabatarwar da ya rubuta wa fassarar wani littafi na Atanasiyus, limamin Iskandariya na ƙarni na 4. Ya ce kowane zamani yana da abubuwan da yake gani da kyau da kuma kurakuran da duk mutanensa suka yi tarayya a ciki, har waɗanda ke gaba da juna. Littafin da aka rubuta bara yana ɗauke da makantar bara, don haka ba zai nuna maka ita ba. Mutanen zamanin da ba su fi mu wayo ba, sun tafka nasu kurakurai, sai dai ba irin namu ba ne, shi ya sa suke iya haska mana namu. Shawararsa ita ce bayan kowane sabon littafi ka karanta tsoho ɗaya, in hakan ya yi yawa to tsoho ɗaya bayan sababbi uku. Bakano ba ya jin karin harshensa sai ranar da ya kwana Sakkwato aka ce masa maganarsa ta fita daban. Haka mutum yake da zamaninsa. Yaron da duk abin da ya shiga kansa an rubuta shi ne cikin shekara biyar ɗin nan, a waya, zai ɗauka yadda ake tunani yau shi ne yadda hankali yake tun fil azal, kuma duk wanda ya iya juya wannan tunani ya iya juya shi.

Bari in tsaya kan littafi ɗaya don kada maganar ta zama ta sama-sama. An haifi Agustin a 354 a garin da yau ake kira Suk Ahras a Aljeriya, ya mutu a 430 yana bishop na Hippo, wato Annaba ta yanzu. Wajajen shekara ta 400 ya rubuta littafin da yake furta rayuwarsa a gaban Allah. A ciki ya ba da labarin wani dare, yana ɗan shekara sha shida, da shi da abokansa suka girgiza bishiyar wani maƙwabci suka kwashe 'ya'yanta. Ba yunwa suke ji ba. 'Ya'yan itacen ba su da wani kyau ko daɗi, a gidansu ma akwai waɗanda suka fi su. Kaɗan suka taɓa, sauran suka watsa wa aladu. Babban malamin Ikilisiya, yana da shekara arba'in da wani abu, ya ɓata shafuka yana tambayar kansa: me na so a cikin wannan sata? Ya bi dalilai ɗaya bayan ɗaya yana ture su, har ya iso ga amsar da ba ta da daɗin ji, cewa haramcin abin shi ne zaƙinsa. Sannan ya ƙara da cewa da shi kaɗai ne da bai yi ba, kunyar a ce ya ji kunya a gaban abokai ita ta ja shi.

Ka ajiye wannan a gaban ɗan aji huɗu na sakandare, ka bar shi ya karanta a hankali. Ya san wannan dare. Ya san yadda ake bin abokai a yi abin da kowannensu shi kaɗai ba zai yi ba. An sha yi masa wa'azi kan miyagun abokai, amma ba a taɓa nuna masa babban mutum yana tone zuciyarsa haka, ba ya neman uzuri, ba ya kuma sauƙaƙa tambayar. Taƙaitawa ba ta iya yin wannan aiki. In ka rage shi zuwa layi biyu, wai Agustin ya yi sata yana yaro daga baya ya tuba, ka zubar da ainihin abin, domin darasin yana cikin tafiyar tunanin, yadda ya ɗauki amsa ya juya ta ya ga ba ta isa ba ya ajiye. Yaron da ya bi shi a wannan tafiya ya koyi binciken kansa, kuma ya koyi haƙurin zama da tambaya mai wuya. Wannan haƙuri shi ne yake neman ɓacewa. A 2024 mujallar Atlantic ta buga rahoton da malaman manyan jami'o'in Amurka, har da Columbia, suke cewa ɗalibai suna iso musu ba su saba karanta littafi guda har ƙarshe ba, don a sakandare gutsattsari ake ba su.

Akwai 'yan'uwa masu bi da za su ce mun yarda da Agustin, amma me ya haɗa ɗan Kirista da Homa da gumakansa, ko da Aflatun da bai san Almasihu ba? Tambayar tsohuwa ce. Tatuliyan, marubucin Kirista na Kartaj, a Tunisiya ta yau, ya yi ta tun wajajen shekara ta 200: me ya haɗa Atina da Urushalima? Amma yawancin iyayen Ikilisiya ba su bi shi ba. Manzo Bulus da kansa, a sura ta 17 ta Ayyukan Manzanni, da ya tsaya gaban mutanen Atina, mawaƙansu ya jawo ya kafa hujja da su. Basil, bishop na Kaisariya, ya rubuta wa samari wasiƙa kan yadda za su amfana da adabin Girkawa, ya ce su yi kamar zuma da ke ɗaukar abin da take bukata daga fure ta bar saura. Agustin ya ce gaskiya duk inda take ta Ubangiji ce, kuma shi kansa wani littafin Sisero, wanda ba Kirista ba, shi ya fara kunna masa son hikima yana ɗan shekara sha tara. Wani abin lura kuma, a 362 sarkin Rum Juliyan, wanda ya bar Kiristanci ya koma bautar gumaka, ya kafa doka ta hana Kirista koyar da waɗannan littattafai. Ya san abin da yake yi. Ya gane cewa in ya raba su da nahawu da balagar zamaninsu, 'ya'yansu ba za su iya tsayawa a majalisa ko a kotu su kare abin da suka gaskata ba.

Wanda ya fi nuna mini amfanin wannan karatu a aikace shi ne Martin Luther King. A Afrilun 1963 yana tsare a kurkukun Birmingham, wasu malaman addini takwas farar fata suka buga sanarwa suna cewa zanga-zangarsa ba ta dace ba, ya yi haƙuri ya bi doka. Ya fara rubuta amsa a gefen shafin jarida, ba ɗakin karatu, ba komai. Daga kansa ya jawo Agustin, cewa dokar zalunci ba doka ba ce. Ya jawo Toma Akwinas, malamin tauhidi na ƙarni na 13, kan bambancin dokar mutum da ta Allah. Ya jawo Sukurat, ya jawo Shadrak da Meshak da Abednego da suka ƙi bin umarnin Nebukadnezzar. Littattafan da waɗancan malamai suka karanta a makarantun tauhidinsu, da su ya ɗaure su. Tun kafin shi, Frederick Douglass, yana bawa ɗan kimanin shekara sha biyu a Baltimore, ya samu wani littafin koyon balaga, ya tarar a ciki da muhawara tsakanin bawa da ubangijinsa inda bawan ya yi rinjaye da hujja. Ya ce wannan ne ya ba tunaninsa harshe. Shi ya sa da jami'ar Howard, ta baƙaƙen fata, ta rufe sashenta na nazarin Girkanci da Latin a 2021, Cornel West, malamin falsafa baƙar fata, na cikin waɗanda suka fito suka yi tir da matakin.

Nan ne kuma ƙorafina yake farawa, domin wannan harka a Amurka ba ta fita tsaf ba. Shi Wilson ɗin da ya assasa ta, a 1996 ya haɗu da wani suka fitar da ɗan littafi da ke sassauta munin bautar da aka yi a kudancin Amurka, abin da masana tarihi suka yi watsi da shi. Mutum zai iya karanta dukan manyan littattafai ya fito da wannan. Aristotal ma ya rubuta cewa akwai waɗanda aka halitta don bauta, kuma masu cinikin bayi sun sha fakewa da shi. Tsufan littafi ba ya tsarkake shi, karanta shi kuma ba ya shiryar da kowa kai tsaye. Ya danganta da yadda aka karanta. In malami ya kawo Aristotal don yara su yi masa tambaya, su ga inda ya haskaka da inda son zuciyar zamaninsa ya rufe masa ido, to an yi karatu. In ya kawo shi don a ɗaga shi kamar tuta a ce ga wayewarmu ta Yamma da ta fi ta kowa, to an mai da littafi katanga. Kuma a siyasar Amurka ta yanzu akwai masu son wannan ilimi don katangar kawai. Suna ambaton sunayen marubutan fiye da yadda suke karanta su.

Ita kanta maganar "Yamma" ɗin tana da rauni in aka bi tarihi. Da Robert Hutchins da Mortimer Adler na jami'ar Chicago suka fitar da jerin manyan littattafansu a 1952, juzu'i 54, babu mace ko ɗaya, babu baƙar fata, babu Ibn Sina, babu Ibn Rushd. Alhali Akwinas, wanda suka sa a ciki, yana ambaton Ibn Rushd da laƙabin Mai Sharhi, don sharhinsa a kan Aristotal ne malaman Paris suke karantawa. Da yawa daga ilimin Girkawa sai da ya bi ta Bagadaza, ta hannun masu fassara irin su Hunain ɗan Is'haƙ, Kirista Balarabe da ya rasu a 873, sannan ya bi ta Toledo a ƙarni na 12 kafin ya shiga Latin. Tatuliyan da Atanasiyus da Agustin duk a ƙasar Afirka aka haife su, a nan suka yi aikinsu. Yaron Kagoro ko na Wusasa da ya buɗe Agustin ba aron gadon wani ya yi ba. Makarantar da ta koya masa cewa wannan kayan Turawa ne da aka yi masa alfarma da shi ta koya masa ƙarya.

Akwai ƙananan ƙorafe-ƙorafe da ba sai na daɗe a kansu ba. Raba fannonin uku bisa shekarun yaro dabarar Sayers ce, ba haka makarantun zamanin da suka yi ba, kuma ita da bakinta ta ce ƙwarewarta a koyarwa kaɗan ce. Yawancin makarantun na kuɗi ne. Wasu kuma suna sakaci da kimiyya, alhali tsohon tsarin yana da lissafi da ilimin taurari a cikinsa.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne, abin da Amurkawa suke tonowa daga ƙasa da wahala, maƙwabtanmu Musulmi ba su taɓa binne shi ba. Duk wanda ya tashi a Zariya ko Kano ko Katsina ya ga zauren malam bayan asuba ko bayan la'asar. Ɗalibi yana buɗe littafinsa ya karanta layi, malam ya fassara ya warware, gobe a ɗora daga inda aka tsaya, har a sauke. Ana farawa da Ahalari da Ishmawi, a bi ta Risala, a kai Muhtasar. Ana karanta Ajurumiya da Alfiya don nahawu, ana karanta balaga, ana karanta mandiƙi, wanda asalinsa yana komawa ga Aristotal ɗin nan. Har waƙoƙin mawaƙan jahiliyya irin su Imru'ul Ƙaisi ana karantawa, don a ƙware a harshen da Alƙur'ani ya sauka da shi, kusan hujjar da Basil ya ba samarinsa kan Homa. Gardamar Tatuliyan ma an yi irinta a nan. Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya yi musayar baitoci da Suyuɗi na Masar, wanda ya haramta mandiƙi saboda asalinsa daga waɗanda ba Musulmi ba ne. Magili ya amsa masa cewa a karɓi gaskiya ko daga bakin wa ta fito, kuma da gaskiya ake gane mutane. Ina ganin ya kamata mu Kirista mu dubi wannan zaure da idon girmamawa, su kuma masu shi kada su bari a raina musu shi don ba ya ba da takardar shaida.

Mu kuwa fa? Makarantun mishan na farko sun fitar da mutanen da suka san Littafi Mai Tsarki ciki da bai, musamman bayan da aka kammala fassararsa zuwa Hausa a 1932. Kakanninmu da yawa da shi suka koyi karatu, suna bin sa sura-sura har ƙarshe. Yau makarantun coci sun yawaita, gine-ginensu sun fi na da kyau, amma abin da iyaye suke tambaya shi ne yara nawa suka ci jarabawa. In an sa littafin adabi a manhaja, ɗan ƙaramin littafin taƙaitawa da tsofaffin tambayoyi ake saya. A kantin littattafan coci kuma, abin da ya cika kanta shi ne sirrin samun nasara da matakan buɗe ƙofar arziki, waɗanda aka rubuta jiya kuma ba za a tuna da su jibi ba. Muna cikin ƙasar da ake ƙone ƙauyuka, mutane suna tambayar ina Allah yake, alhali Agustin ya shafe shekara goma sha uku yana rubuta amsa ga wannan tambaya bayan da aka washe birnin Rum a 410, ya fara da matan da aka ci zarafinsu da gawawwakin da ba a samu binnewa ba. Fasto nawa ne a cikinmu aka taɓa zaunar da su aka karanta musu wannan?

Ban ce a kwaso manhajar Idaho a dasa a Kafanchan ba. Latin ba shi ne farillar ba, kuma jerinmu dole ya ƙunshi abin da aka rubuta a wannan ƙasa da harsunanta. Abin da makarantar coci za ta iya yi tun zangon karatu mai zuwa, ba tare da ƙarin kuɗin makaranta ba, shi ne ta ware awa biyu a mako, ta zaɓi tsohon littafi ɗaya ga kowane aji na babbar sakandare, ta samo malamin da ya karanta shi da gaske, a bi shi shafi-shafi, a bar yara su yi tambaya su yi musu, kada a ɗaura masa jarabawar zaɓi-ɗaya. Littafin Ayuba da na Mai Hadishi suna nan a hannunmu da Hausa, kuma akasarin yaranmu aya-aya suka san su, ba su taɓa bin su daga farko zuwa ƙarshe ba. Sauran kuma aikin fassara ne. Kwalejojin tauhidi na Bukuru da Jos da Kagoro suna da malaman da suka iya Girkanci kuma Hausa ta zauna a bakinsu. Littafin Atanasiyus da Lewis ya yi wa gabatarwa bai kai shafi ɗari ba, kuma mutum biyu da suka ɗaura niyya za su iya mai da shi Hausa cikin shekara guda.